Yatsu Uku da Ƙuri'a Ɗaya

Mu tara ne muka raka gawar Huldah Farnum, har da mai haƙa kabari. Fasto ya ce ta yi rayuwar haƙuri. Bai san ta ba. Huldah ba ta da haƙuri ko na sisin kwabo. Gajiya ce da ita, kuma daga nesa su biyun suna kama.

Shekara arba'in da shida na yi da saninta. Da ƙungiyarmu ta mata masu neman 'yancin jefa ƙuri'a ta ce a rubuta tarihin 'yan farko, na duba sunayen da aka jera, na ga duk matan unguwar tudu ne masu falo da labule. Shi ya sa na ce bari in rubuta nata. Manyan abubuwa biyu ta yi a rayuwarta da suka shafi maganar ƙuri'a, tsakaninsu shekara talatin da huɗu. Ina wurin duka biyun, kuma duka biyun ni na ba ta gurguwar shawara.

Daga wata gona a tsaunukan Vermont ta zo Wendover, garin masaƙun auduga, a 1841, tana da shekara goma sha bakwai. Gonar ta fi ba da duwatsu fiye da dankali, ga 'ya'ya mata shida. Ni na zo bayan shekara biyu. Aka sa ni gado ɗaya da ita a gidan kwanan kamfani, wanda Misis Tuttle ke riƙe da shi, aka kuma sa ta koya mini injin saƙa. Ranar farko ta dube ni sama da ƙasa, ta ce in ɗaure gashina in kuwa ba haka ba inji zai ɗaure mini. Wannan ce gaisuwar da muka yi.

Ƙararrawa takan buga ƙarfe huɗu da rabi. Biyar muna kan inji, bakwai na yamma mu fito. Rabin awa ake ba mu na abinci, a ciki za mu ruga gida, mu haɗiye wake da burodi, mu rugo. An buga wa tagogi ƙusa don kada iska ta busar da zare ya riƙa tsinkewa, saboda haka ƙurar auduga ba ta da inda za ta je sai ƙirjinmu. In za a sa sabon zare a ƙoshiya, da baki ake zuƙo shi ta ɗan ramin, sau ɗaruruwa a yini. An hana shiga da littafi, sai mu yage shafi mu liƙa a jikin taga, muna aiki muna satar kallo. Huldah in ta kalli shafi kwana biyu ta haddace shi, sai ta ba ni labarinsa a hanyar gida, ko ina so ko ba na so.

A daminata ta farko inji ya cinye mata yatsu biyu na hannun dama, ƙarami da na kusa da shi. Tana share haƙoran inji ne yana tafiya, yadda kowa ke yi, don in ka tsayar da shi heluma zai zo ya tsaya a kanka. Bayan mako biyar ta dawo. Ta koyi ƙulla zare da yatsu uku, har ta fi ni sauri ni mai biyar.

A 1845 aka yi takardar koke zuwa majalisar jiha, a rage aiki ya koma awa goma. A Wendover kaɗai mata dubu da ɗari ɗaya suka sa hannu. Majalisa ta kafa kwamiti, kwamiti ya ce a turo wasu su zo su yi bayani da bakinsu. Daga masaƙarmu Huldah aka zaɓa, saboda hannunta, da tarin da take yi, da kuma bakinta.

A nan muka yi wautar.

Mu 'yan masaƙa na lokacin muna da wata al'ada da ba a karya ta: ba a fita gari da kayan aiki. Mutanen gari suna ce mana 'yan ƙura, mu kuwa 'ya'yan manoma ne masu zuwa coci, masu karatu, kuma mun rantse babu wanda zai ga talaucinmu a titi. In wata za ta je wani wuri, gidan duka ne ke shirya ta. To balle wadda za ta tsaya gaban manyan jiha. Ranar Lahadi bayan coci muka zaunar da Huldah a tsakiyar ɗaki kamar amarya. Wata ta kawo rigar siliki, wata mayafi, wata hula mai fure. Misis Tuttle ta koya mata yadda za ta mintsini kumatunta su yi ja kafin ta shiga, ta kuma ba ta alewar tari ta riƙe a baki.

Sai aka zo kan hannu. Ni ce mai safar hannu ta fata, ruwan toka, wadda ban taɓa sawa ba don tsananin so. Na cusa auduga a gurbin yatsu biyun, na sa mata. Hannu ya fito sumul kamar na matar likita.

Huldah ta juya shi ta ce, "Almira, ba saboda hannun nan aka zaɓe ni ba?"

Na ce, "Ki faɗa musu da baki mana. So kike su ce mun turo musu mabaraciya?"

Misis Tuttle ta ce gaskiyata, 'yan gidanta ba sa zuwa wurin mutane da rauni a waje. Huldah ta bar safar a hannunta. Shekararta ashirin da ɗaya, kuma ba ta taɓa sa siliki ba.

Ni na raka ta a jirgin ƙasa. Maza bakwai ne a bayan dogon tebur. Ta yi magana mai kyau, ta ma fi yadda ya kamata kyau, da kalmomin da ta kwaso daga shafukan taga. Ta faɗi awoyi, ta faɗi tagogi, ta faɗi fitilun da ke ci tun kafin asuba. Sai shugabansu, wani dattijo mai ladabi, ya tambaye ta ita fa yaya lafiyarta. Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu ya san amsar da ake ba baƙo in ya yi wannan tambaya. Huldah ta ce, "Da sauƙi, yallaɓai, na gode." Ta ɗora hannayenta a kan cinya, ɗaya bisa ɗaya, yatsu goma cif.

Bayan wata guda rahoto ya fito. Misis Tuttle ta karanta mana a kan teburin abinci. Kwamiti ya ce matan da suka zo gabansa sun zo cikin ƙoshin lafiya da sutura mai kyau, suna magana kamar malaman makaranta, kuma mata masu irin wannan hankali za su iya daidaitawa da masu masaƙa ba sai doka ta shiga ba. Babu wadda ta kalli wata. Garin neman gira mun rasa ido.

Ni ina ta cizon yatsa a kan safa, amma Huldah wani lissafi take yi. A hanyar masaƙa washegari ta ce mini ko da ta cire safar, ko da ta ajiye musu yatsun a kan tebur, ba lalle su canja ba. Ta ce, "Suna dubu da ɗari ɗaya muka kai musu. A ciki babu ko ɗaya da zai iya ta da mutum daga kujerarsa. Me za su ji tsoro?" Ta wannan ƙofa ta shiga maganar ƙuri'a, tun kafin mu ji labarin wani taro ko wata ƙungiya. Safar kuwa ba ta mayar mini ba, ni ma ban tambaya ba.

Na bar masaƙa bayan shekara biyu, na shiga babbar makaranta, na zama malama. Na yi aure, mijin ya mutu, na ci gaba da koyarwa. Sauran 'yan ɗakinmu suka watse, wasu gidan miji, wasu yamma, biyu makabarta. Huldah ta zauna. An sayar da gonarsu, ba ta da wurin komawa. Wani mai gyaran takalma ya neme ta da aure, ta ce yana da yawan surutu, ita kuma ta gaji da ƙara. 'Yan Ailan suka zo suka cika ɗakin saƙa, bayansu Faransawan Kanada. Inji biyu take riƙewa a zamaninmu, aka mai da su huɗu, aka mai da su shida. Dokar awa goma ta zo tana da shekara hamsin. Ta ce ruwa ne bayan masara ta bushe.

Duk shekara takan zaga da takardar koken ƙuri'a a lokacin cin abinci. Wasu su sa hannu, wasu su ce sai sun tambayi maigida, wasu su ce ƙuri'a ba ta dahuwa a tukunya. Ba ta yi musu wa'azi, takan wuce ta gaba. Sau ɗaya matan tudu suka gayyace ta shan shayi, suka ba ta kujera kusa da ƙofa. Uwar taron ta roƙe ta ta nuna wa baƙi hannunta. Huldah ta ce ta ɓoye shi ranar da zai yi amfani, ba za ta fito da shi don a ji daɗin shayi ba. Ba su sake kiranta ba.

Tana da hamsin da biyu yanar ido ta fara rufe mata gani. Dokar masaƙa a kan wannan ba ta da kwana: mai saƙar da ba ta ganin zare, ranar za ta tafi, kuma a makon za ta bar gidan kamfani. Don haka ta ɓoye. Takan ɗora tafin hannu a jikin inji, ta ji daga girgizarsa in zare ya tsinke, ta bi da yatsa ta samo shi. Sauran aikin kuma Honora Teague ke yi.

Honora 'yar Ailan ce, mijinta ya mutu ya bar ta da 'ya'ya huɗu, injinanta na kusa da na Huldah. Tsohuwar al'ada ce a ɗakin saƙa, in ɗaya ta fita ko jiri ya ɗebe ta, maƙwabciyarta ta riƙe mata inji. Ana yi na minti goma, ko na yini. Honora ta riƙe na shekara uku. Ido ɗaya a kan nata shida, ido ɗaya a kan na Huldah shida, kuma kafin a kai yadi ɗakin dubawa sai ta bi shi ta tsince kurakurai. Heluma Pettengill ya sha yi mata faɗa a kan nata yadin ya ragu. Takan ce masa tsufa ne, alhali shekararta talatin da takwas.

A 1879 aka yi dokar da ta ba mata damar zaɓen 'yan kwamitin makarantu. Su kaɗai. Ba gwamna, ba ɗan majalisa, ba ma mai kula da hanyoyin gari ba. An ba mayunwaci ƙanshin miya. Duk da haka Huldah ta zo gidana ranar Lahadi, Honora na riƙe da gwiwar hannunta kamar masu hira, ta ce za ta yi rajista.

Matsalar ita ce sharaɗin rajista. Sai mutum ya karanta layi biyar daga kundin tsarin mulki a gaban akawun gari. Wanda wata nakasa ta hana shi karatu an ɗauke masa, amma sai ya faɗi nakasar, akawu ya rubuta a littafi. Akawun kuwa, Mista Asa Wardwell, ƙanwar heluma Pettengill yake aure, kuma tare suke cin abincin rana duk Lahadi.

Honora ta ce, "Gwaggo, ki bar wannan abu. Za ki sayar da gadon kwananki don ki zaɓi wanda zai sayo alli?"

Huldah ta ce shekara talatin da huɗu take jira.

"To ki ƙara talatin da huɗu, wataƙila a ba ki zaɓen mai share coci."

A nan na sake kawo dabarata. Kowa a Wendover ya san kundin ofishin akawu ya tsufa, bayansa ya karye, in an ajiye shi wuri ɗaya yake buɗewa. Shekara da shekaru maza suna karanta shafi guda. Na je na kwafo shi. Huldah ta haddace a zama biyu, kai bai tsufa ba. Na koya mata ta riƙa bin layi da yatsa, ta ɗan yi tuntuɓe a kalma ɗaya don kada abin ya yi santsi da yawa. Na ba ta tsohon tabarau na mijina, da baƙar rigata ta zuwa coci. Honora ta ce yanzu kam Gwaggo ta fito sak matar fasto, saura fasto.

Ranar Asabar da yamma muka je, bayan an tashi daga aiki. Mu goma sha ɗaya ne mata a layi, a garin da mata suka fi dubu uku. Mista Wardwell ba mugun mutum ba ne. Kunya ce ta ishe shi, bai saba ganin mata a ofishinsa ba, yana ta gyara kwalbar tawada. Da aka zo kan Huldah ya tura mata kundin, ya buɗe daidai inda muka sani. Ko kallonta bai yi ba, ya riga ya tsoma alƙalami zai rubuta sunanta.

Ta ɗora yatsa. Ta karanta layi na farko, ta karanta na biyu, ta yi tuntuɓen da na koya mata. Sai ta tsaya.

Na ɗauka mantuwa ce, har na fara motsa baki. Ta cire tabarau, ta laluba ta miƙo mini.

"Kin sake sa mini safa, Almira."

Ta juya wajen akawu ta ce, "Yallaɓai, ba na ganin komai a takardar nan. Hadda ce. Shekara uku ke nan rabona da ganin haruffa. Rubuta."

Mista Wardwell ya yi ƙasa da murya ya ce, "Malama Farnum, ni na ji kin karanta. Ya wadatar."

"Ban karanta ba."

"Kin san inda wannan magana za ta je?"

"Teburin Lahadi. Ka gaishe mini da Pettengill." Ta ɗora hannun dama a kan littafin rajista, yatsu uku a shimfiɗe. "Ka rubuta masaƙa ce ta ci idon. Ka haɗa da waɗannan, tun da ka riga ka tsoma alƙalami."

Ya ce gurbin ƙarami ne, ba ya ɗaukar dalili. Ya rubuta: ba ta gani. Ya riƙe mata hannu ya kai kan layi, ta sa sunanta, ya karkace ya hau na matar da ke sama.

A waje Honora ta tare ta da faɗa. Ta ce shekara uku tana kashe idonta a kan inji goma sha biyu, ashe don a zo a zubar a ofishin Wardwell ne. Huldah ta bar ta ta gama, sannan ta ce ai shi ya sa. Ta ce tana jin yadda Pettengill ke yi wa Honora tsawa, ƙarar inji ta taɓa mata kunne amma kurmancin bai kai nan ba, kuma in aka ci gaba a haka su biyu za a kora, ɗaya da 'ya'ya huɗu. Ta ce ranar wanka ba a ɓoye cibi. Sannan ta ce, "Kuma na gaji, Honora. Na gaji da yin kamar lafiyata ƙalau." Honora ta ce tsohuwar banza mai taurin kai, ta kama gwiwar hannunta suka tafi.

Ranar Litinin Pettengill bai ma yi faɗa ba. Ya zo ya tsaya, ya ɗaga zare ɗaya a gaban fuskarta ya tambayi launinsa. Ta ce ya tambayi surukinsa. Kafin ƙararrawar rana an raba wa wasu mata biyu injinanta. Shekara talatin da takwas, kayanta duka suka shiga akwati ɗaya da kwando. Na ba ta ɗakin baya na gidana. Ba don kirki ba. Ina ganin da hannuna a ciki.

Zaɓen ya zo a watan Disamba, ana zuba ƙanƙara. An ajiye wa mata wani ƙaramin akwati dabam a gefen zauren, kusa da murhu. Maza suka cire lofe daga baki suna kallo, wani ya ce yau tuwon gidaje zai ƙone. Huldah ta zo da rigar aikinta, da burbushin auduga har yanzu a ɗinkin. Na karanta mata sunayen da ke kan takarda, ta sa na maimaita, don ta ce ta daina yarda da ni. Na kai hannunta bakin akwatin, ta laluba ramin, ta tura.

Ta tsaya kaɗan. Ta ce, "Shi ke nan?"

Na ce shi ke nan.

"To mu tafi, ƙafafuna ciwo suke."

Wanda ta zaɓa ya faɗi. Ta sake zuwa sau takwas bayan wannan, biyu ne kawai nata suka ci, ɗayansu ma daga baya ta ce kuskure ta yi. Wata shekara mu huɗu ne kaɗai mata a zauren. Honora ba ta taɓa yin rajista ba, amma duk Lahadi takan zo da burodi su zauna su yi ta musu, kuma ta yi shekara goma sha huɗu a masaƙa bayan haka, a kan injinanta shida.

Har ta mutu Huldah tana farkawa ƙarfe huɗu da rabi, ko da yake an daɗe da mai da ƙararrawar shida. Sai ta zauna bakin gado, takalma a ƙafa, ta jira gari ya waye ta ji motsina. Safar nan ruwan toka kuwa tana cikin kwandon da ta zo da shi. Ta zare audugar, ta rataye ta kusa da murhuna, da ita take sauke tukunya in ta yi zafi. Tana nan har yanzu, duk ta ƙone a tafi, ni ma da ita nake saukewa.